Musayar Waƙa: Tsatson Kalmar "Delico" a Harshen Ido

Ɗalibar Harsuna:
Salamu alaikum malamai, ku ji tambayata,
Delico a harshen Ido, ina ne mafarinta?
Ba idon gani ba, harshe ne na ƙirƙira,
An ce jin daɗi take nufi, ku tono min tsatsonta.

Malamin Nahawu:
Wa alaikis salam 'yata, gyara zama ki ji amsawa,
A 1907 a birnin Faris Ido ya fara fitowa.
Ɗan Esperanto ne, wani ƙirƙirarren harshe da ya gabace shi, sunan ma "zuriya" yake nunawa,
Maƙirƙiransa, su Louis Couturat, suka sa ƙa'ida wajen zaɓawa:
Harsuna 6 ake dubawa kafin kalma ta sami shigowa,
Turanci, Faransanci, Jamusanci, Italiyanci na biyowa,
Sifaniyanci da Rashanci, mai yawan masu ji ke cinyewa.
Bafaranshe na da délice, delizia Italiya ke cewa,
Sifen ta ce delicia, sai aka datse jelar ana yarwa,
Delic- ta rage, aka liƙa -o, da ita tilon suna ke ƙarewa.

Dattijon Ƙamus:
Malam, ka tsaya a rassa, ni saiwar zan tono,
Deliciae ta Latin ce uwarsu, daga nan suka sha nono.
De- da lacere aka haɗa, lallashi ne da jan hankali,
Kamar mai watsa wa kaza tsaba har ta biyo shi tsakar fili.
Ashe daɗin nan abu ne mai janye mutum daga hanya!
Ƙanwarta delectare, ita ta haifi delektar ta Ido, aikatau na farantawa.

Malamar Furuci:
Baba, a gafarta min, akwai inda Bahaushe ke tuntuɓe,
Ya ga c ya karanta ta "cokali", nan lafazi ya zube.
C ta Ido "ts" ce mai laushi, ba ta "tsintsiya" mai tsauri ba,
A ce de-LI-tso, nauyi a tsakiya, ba gaɓar ƙarshe ba.
Jam'i kuwa delici, -o ta sauka -i ta hau,
Siffa sai an sa -oz-, delicoza, cike da daɗi da kyau.
Delikata daban take, mai k, abu mai laushi marar ƙwari.

Ɗalibar Harsuna:
Allah ya saka Malama, bari in gwada ki duba,
Zuma mielo ce, mielo delicoza, ko ban yi daidai ba?