Neman kalma: me za mu kira furen edelweiss da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a. Yau ma taimako na zo nema. Ina koyar da bayoloji a wata sakandare nan cikin Katsina, kuma kwanakin nan ina ta haɗa ɗan rubutu da Hausa a kan tsirran da doka ta hana a taɓa a ƙasashen duniya, don yaran ajinmu su karanta su gane ba sai sun yi ta fama da ƙamus ba. To sai na zo kan wani fure na tsaya cak. Sunanshi edelweiss, ana furta shi kamar edalbais, kalmar Jamusanci ce.

Bari in fara kwatanta maku shi, kada mu raɗa suna ba mu ga jariri ba. Ɗan ƙaramin tsiro ne, tsawonshi daga santimita 3 zuwa 20, sau da yawa bai kai taƙi guda ba. Yana fitowa a tsaunukan Turai, Alps da Piranis da Karfatiya, a filayen ciyawa masu tsakuwa da kuma jikin duwatsun farar ƙasa, daga tsayin mita 1,800 zuwa 3,000. Ku auna da Katsina da take wajen mita 500, kai ko Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya mita 2,419 ne. Yana fure daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da mu muke tsakiyar damina.

Abin da ya fi burge ni shi ne farin tauraron nan da ake gani a hoto ba shi ne furen ba, ganyaye ne da farin gashi mai laushi ya lulluɓe kamar auduga. Ainihin furen yana tsakiya, 'yan dunƙule biyar ko shida masu ruwan ɗorawa, kowane dunƙule cike da mitsi-mitsin furanni, kuma yawanci ƙudaje ne ke kai masu barbara. Gashin nan ba ado ba ne, shi ke tare mashi sanyi da bushewar iska da zafin hasken rana mai ƙuna da ake samu a can sama. Dangi ɗaya suke da shuwaka da latas.

Sai maganar kariya. A ƙarni na 19 da yawon hawan tsauni ya zama yayi a Turai, kowa so yake ya koma gida da furen nan a matsayin tsaraba, aka riƙa tumɓuke shi har saiwa ana busarwa ana saidawa, wasu ma sun faɗo sun mutu garin tsinkoshi. Shi kuma tsiro ne mai shekaru a wuri ɗaya, in ka cire saiwar ka gama da shi. A 1878 yankin Obwalden na Suwizalan ya hana tono shi, daga baya wasu ƙasashen suka bi. Yau hotonshi na jikin kwabon santi 2 na yuro na Ostiriya, yana kuma jikin takardar lei 50 ta Romaniya.

To me za mu kira shi?

Na ga amsoshi sun fara shigowa, Allah ya saka da alheri. Ƙanena da ka ce mu bar shi edalbais kawai kamar yadda muka bar tumatir da karas, na fahimce ka, amma su tumatir ai ganinsu muke a kasuwa, muna yankawa muna ci, sunan ya samu abin da zai zauna a kai. Wannan furen yaron Ƙofar Ƙaura ƙila har abada ba zai riƙe shi a hannu ba, sunan ne kaɗai zai zana mashi kamanninshi a zuciya. In na ce edalbais ban ba shi komai ba wlh.

Malam da ya kawo fassarar kai tsaye, gaskiya ne edel na nufin mai daraja ko ɗan asali, weiss kuma fari. Amma "fari mai daraja" in ka faɗa a Katsina wani zai ɗauka shadda kake nufi, wani doki. Ba ya ƙamshin tsiro ko kaɗan.

Tauraruwar tsauni kuma da Yaya ta kawo yana da daɗi a baki, kuma kin yi daidai da mutanen Italiya don su ma stella alpina suke cewa, wato tauraruwar Alps. Matsalata ɗaya, furanni masu siffar tauraro suna da yawa a tsaunuka, sunan bai taɓo gashin ba, alhali gashin shi ne labarin tsiron gaba ɗaya. Ban yar da shi ba dai Yaya, na ajiye gefe.

Wani ya ce tafin zaki, saboda sunan kimiyya Leontopodium ma'anarshi ke nan a Girkanci, sai wani malamin Hausa ya gyara mana ya ce zaki dagi gare shi ba tafi ba. Na gode Malam, wannan gyaran ya yi mani amfani sosai. Ga shawarata a kai: Leontopodium ba tsiro ɗaya ba ne, zuriya ce mai nau'i da dama kuma akasarinsu ma a Asiya suke, wajen Himalaya da Sin, na Turai ɗin reshe ne. Don haka mu bar dagin zaki ya zama sunan zuriyar duka, shi kuma wannan mu nema mashi na kanshi.

Yanzu ga wadda ta sa na tashi zaune. Wani dattijo daga Daura, ta hannun jikarshi, ya ce da aka nuna mashi hoton cewa ya yi ai wannan ɗan'uwan furfurar gyatuma ne, farar ciyawar nan mai gashi da ke fitowa a yashi da wasu ke kira alhaji, sai ya ce a kira shi furfurar dutse. Baba, Allah ya ƙara girma. A kimiyyance ba dangi ɗaya suke ba, amma haka Bahaushe ke raɗa ma tsiro suna tun asali, ya dubi kama ya faɗa: nonon kurciya, ƙaimin ƙadangare. Kuma ku duba abin da kalmar furfura ta ɗauko ita kaɗai. Fara ce. Gashi ce. Sannan duk gidan da ka shiga a ƙasar Hausa mai furfura shi ake durƙusa ma wa, shi ake ba tabarma. Ke nan edel ɗin da weiss ɗin duk sun shigo ba tare da mun fassara ko ɗaya ba, ga gashin da Jamusancin ma bai ambata ba. Kuma don darasin da nake son koyarwa, yaron da ya ji an ce furfura ya riga ya san ba abin da ake kai ma hannu da wasa ba ne.

Hajiya da kike tsoron a rikita shi da furfurar gyatuma, ina ganin ba damuwa, ai muna da tsamiya muna da tsamiyar biri, muna da dankalin Hausa da na Turawa, ba wanda ya taɓa sayo wani a madadin wani.

Abu ɗaya zan roƙi Baba ya yarje mani, in canza dutse zuwa tsauni. A wajenmu dutse na iya zama na niƙa, na iya zama irin na Dutsin-Ma, kuma in ka ce furfurar dutse yaro zai iya kawo ma gansakukar da ke manne a jikin fa. Tsauni kuwa dole sai ka ɗaga kai.

Ga yadda zan rubuta a takardar yara: furfurar tsauni, daga zuriyar dagin zaki, Jamusawa na kiranta edelweiss. Kun ga ta koma mace ke nan, don haka "tana fitowa" za mu riƙa cewa. Zan kuma rubuta gaskiyar halin da take ciki, cewa a Turai gaba ɗaya ba a lissafa ta cikin masu gab da ƙarewa, dokar hana tsinka ta taimaka, kuma yanzu har nomanta ake a yankin Valais na Suwizalan don haɗa man shafawa, ba sai an hau an cire ta daji ba. Ɗan'uwa da ya tuno mana madobiya da yadda aka yi ta sararta ana lodawa zuwa Sin, ka yi gaskiya, ita ce zan sa a shafi na gaba.

Saura kalma ɗaya ta hana ni rufe babin, sunan shi filin ciyawar da take fitowa, wanda ke can sama inda bishiya ba ta iya tsayuwa, ƙanƙara ta rufe shi da hunturu, makiyaya su hau da shanu in ta narke. Fadama ba za ta yi ba don ita ƙasa take kuma da laima. Ni makiyayar tsauni nake tunani, amma 'yan'uwanmu da suka san Mambila da Jos, me kuke ce ma irin wannan wurin?