Me ya sa ake ji da gidan Kingscote a garin Newport?

Hajiya Rabi:
Assalamu alaikum. Kwanakin baya na kai yarana garin Newport da ke bakin teku a jihar Rhode Island ta Amurka, muka zaga gidan The Breakers mai ɗakuna 70, wanda iyalin Vanderbilt suka gama ginawa a 1895. A hanyar dawowa muka wuce wani gidan katako mai tsinin rufi a titin Bellevue, ana ce masa Kingscote, wanda bai kama ƙafar wancan ba wajen girma, amma shi ma ana biyan kuɗi a shiga kallonsa. Shin mene ne darajarsa?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Darajarsa tana cikin shekarunsa, domin an fara gininsa a 1839, aka kammala a 1841, wato ya girmi The Breakers da fiye da shekara 50, kuma yana cikin gidajen farko da aka gina a garin don zaman lokacin zafi kawai. Wanda ya sa aka gina shi, George Noble Jones, attajiri ne daga kudancin Amurka mai gonaki a Florida da bayi suke noma masa. Irinsu kan gudu daga zafi da zazzaɓin kudu su zo shan iskar teku, idan sanyi ya kawo jiki su koma. Richard Upjohn ne ya zana masa gidan.

Malam Habibu:
Ina so in ƙara a kan bayanin Malam Sani. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, iyalin Jones suka bar garin ba su sake dawowa ba, aka sayar da gidan a 1864 ga William Henry King, wanda ya yi arzikinsa a fatauci da ƙasar Sin. A ganina, Hajiya, kin yi asarar kallo da ba ki shiga ba, saboda ɗakin cin abincin da mai zanen gine-gine Stanford White ya ƙara wajen 1881. An lulluɓe silinsa da ɓawon itacen nan da ake toshe bakin kwalba da shi, an kuma jera ƙananan tubalan gilashin kamfanin Tiffany a bango, haske na ratsa su. Zuriyar King ta riƙe gidan har 1972, sannan ta bar wa ƙungiyar adana tsofaffin gine-ginen Newport shi da kayan ɗakinsa.

Hajiya Rabi:
Na gode ƙwarai, malamai. In Allah ya sake kai mu, da shi za mu fara.