'Yata tana son ajin kimiyya, amma kakarta ba ta amince ba

Uba daga Gwale:
Assalamu alaikum. 'Yata ta fari tana gab da kammala aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ta nace ajin kimiyya take so ta shiga, domin tun tana firamare babu darasin da take ƙauna kamar lissafi. Sai dai mahaifiyata ta ce karatun kimiyya dogo ne, zai jawo mata jinkirin aure. Zuciyata tana tare da yarinyar, amma ba na so in saɓa wa Hajiya. Ina neman shawararku.

Malamar Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina koyarwa a makarantar 'yan mata, kuma abin da na lura shi ne rashin lokaci ya fi kayar da su a lissafi. Darasi ne da sai an zauna da biro da takarda kullum, to yarinyar da za ta dawo gida ta tarar da wanke-wanke da girki da rainon ƙanne har bayan sallar isha'i, yaushe za ta warware tambaya goma? Ka ware mata awa biyu kowace rana da ba mai aikenta, ko da kuwa ƙannenta maza ne za su ɗauki wani aikin.

Sannan ka taka da ƙafarka ka duba ɗakin gwaje-gwajen makarantar da za ta shiga. Na taɓa ganin ɗaliba mai hazaƙa wadda ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba sai ranar jarrabawar WAEC, hannunta yana rawa har ruwan ya zube a kan takardarta, kuma har yau abin yana damuna. Tun 1977 Kano take da makarantun kimiyya na musamman, waɗanda aka fara da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, daga baya aka buɗe na 'yan mata irin ta Garko. Da jarrabawa ake shiga, don haka ta fara shiri.

Ungozoma:
Malam, kada ka yi jayayya da Hajiya, ka zauna da ita cikin ladabi. Ka tambaye ta, idan ta je asibiti, wa ta fi so ya duba ta, namiji ko mace? A ɗakin haihuwa na sha ganin matar da ta jure ciwo kwana da kwanaki don kunyar likita namiji. Karatun likita shekara shida ne, gaskiya ne, amma mata da yawa sun yi shi suna ɗakin mazajensu.

Injiniya daga Zariya:
Ina tare da ku, sai dai kada mu taƙaita yarinyar ga asibiti, tunda lissafi ta ce tana so. Akwai injiniyanci da kimiyyar kwamfuta da lissafin kansa. Maryam Mirzakhani, 'yar ƙasar Iran, ita ce mace ta farko da ta samu lambar Fields, babbar lambar yabo ta duniya ga masana lissafi, a 2014, kuma a nan gida Farfesa Grace Alele-Williams, masaniyar lissafi, ta shugabanci Jami'ar Benin daga 1985. Ko rabon gado, da sulusi da sudusi da sumuni, ai lissafi ne, kuma Hajiya ta san darajar wanda ya iya shi.

Uba daga Gwale:
Allah Ya saka muku da alheri. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je wurin Hajiya tare da yarinyar, ta faɗi burinta da bakinta. Malama, a wane wata aka saba fitar da fom ɗin jarrabawar?