Uwargidana tana jinyar kansar mama, ga damina ta kankama

Manomi daga Ringim: Salamu alaikum. Duk bayan mako 3 nake kai uwargidana asibitin Malam Aminu Kano a yi mata ƙarin ruwan maganin kansa. In mun dawo sai amai, ko kunu ba ya zama. Gero kuma yana jiran maimai. Yaya zan yi?

Inna daga Gezawa: Sannu ɗana, Allah ya ba ta lafiya. Ɗauko ƙanwarta ta zauna da ita kwanakin farko, su suka fi wuya. Abinci kaɗan-kaɗan. In zazzaɓi ya rufe ta, kada ka jira gari ya waye, ka kai ta asibiti, don maganin yana raunana garkuwar jiki.

Malamin firamare: Malam, gona dai kira gayya. Nima haka na yi lokacin jinyar maiɗakina, don kada mu tsallake ranar asibiti.