Dan Allah da gaske ana iya ciro shatin yatsan ɓarawo bayan ya tafi?

Yayan_Mai_Waya:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin abun nan ku taimaka min. An fasa shagon ƙanina da daddare, shagon waya ne, ta sama suka shigo suka ɗaga kwano suka ɓalle silin, sun kwashe wayoyi da kuɗin ciniki da ke cikin durowa. Kafin mu iso da safe maƙwabta sun cika shagon ana ta jaje. Mun kai rahoto, an zo an duba an yi rubuce-rubuce an tafi, toh amma ni abun da ya tsaya min a rai shine akan shogilas ɗin in ka karkata kai ta inda haske ke dukansa zaka ga shatin yatsu ɓaro-ɓaro, sannan akwai kwalayen waya da suka buɗe suka watsar a ƙasa.

Wannan hodar da muke gani a fim ana shafawa da buroshi sai yatsa ya fito, gaskiya ce ko shirin fim ne kawai? In gaskiya ce wace irin hoda ce, ni zan iya yi da hodar jarirai ko garin gawayi? Kuma tunda duk munyi NIN da BVN an ɗauki yatsunmu, meyasa baza'a saka a kwamfuta ta faɗi sunan mutumin ba? Na dai hana yaron shago goge gilashin.

Malamin_Kemistri:

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, Allah ya tona asirinsu. Hana gogewar nan da kayi shine babban abu, amma dan Allah kar ka zuba komai a kai da kanka, zan faɗa maka dalili.

Hodar gaskiya ce. Fatar yatsa tana da ƙananan ramukan gumi a jere akan zanen nan, kullum suna tsattsafo da zufa ko baka ji ba, kusan dukkanta ruwa ce amma akwai gishiri da sinadaran amino a ciki, ga kuma maiƙo da mutum ke kwasowa in ya shafa fuska ko kai, dan shi tafin hannu baya fitar da maiƙo da kansa. In ka taɓa abu wannan ɗan danshin shine ke zama a wurin da siffar zanenka. Hoda aikinta kawai ta manne a danshin ta bar tsakanin layukan fes. Akwai baƙa wadda akeyi da kabon dan wuri mai haske, akwai ta alminiyam wadda turawan Ingila suka fi amfani da ita akan gilashi, akwai kuma mai garin ƙarfe a ciki wadda ba'a ma sa mata buroshi, wata 'yar sanda ce mai maganaɗisu a baki take ɗauko hodar ta zama kamar geza, hodar ce kaɗai ke taɓa wurin. Buroshin ma bana fenti bane, na zaren gilashi ne ko gashin kurege, laushinsa ya wuce misali, kuma juya shi akeyi a hankali tsakanin yatsu ba goga ba. In shatin ya fito sai a aje ɗan ma'auni a gefensa a ɗau hoto tukunna, sannan a manna salatif mai faɗi a ɗago shi a liƙa a kati a rubuta inda aka samo da rana da wanda ya ɗauka.

Garin gawayinka yayi gautsi, zai kankare layukan ne, hodar jarirai kuma curewa takeyi ta cike tsakaninsu. Kuma shati ɗaya dama ɗaya ce, in ya lalace ya tafi kenan.

Toh hoda ta wurin da baya shan ruwa ce, gilashi, tayil, jikin mota, ƙarfe mai fenti. Takarda da kwali mara santsi shanye zufar sukeyi, hoda bata samun abun kamawa sosai in an kwana biyu. Anan ake sa wani sinadari mai suna ninhaidirin, ana fesawa ko a tsoma takardar a ciki, ya haɗu da sinadaran amino ɗin nan sai shatin ya fito da launin shunayya, in anaso yayi sauri a bashi ɗumi da danshi. Wani masani Siegfried Ruhemann ne ya gano sinadarin a 1910, amma sai 1954 wasu 'yan ƙasar Suwidin biyu suka nuna za'a iya ciro yatsa dashi. Abun mamaki shati a takarda yana iya shekaru masu yawa bai ɓace ba dan amino ɗin yana kama zaren takardar ya zauna. Akwai kuma tururin aidin, yana fito da shatin ruwan ƙasa amma nan da nan yake gushewa sai mai kyamara ya zama a shirye.

Wanda zaifi baka mamaki shine sufa gulu. Tambayi ƙaninka tunda harkar waya yake, in mai gyara ya liƙa abu da sufa gulu kusa da sikirin ya rufe, washegari ana ganin wani farin hazo a gilashin, wani lokaci har da zanen yatsan mai gyaran a ciki raɗau. Toh shine dai. 'Yan sandan Japan ne suka fara mayar dashi kayan aiki a ƙarshen shekarun 1970. Ana sa kayan a akwati rufaffe, a ɗumama gulun zuwa wajen digiri 120, a kai danshin iskar ciki wajen kashi 80, tururin ya bi layukan zufar ya daskare fari tauri. Leda, roba, kwalba, harsashi, kuɗin leda irin naira 20 da 50, duk dashi akeyi. Daga nan a zuba masa rini mai ƙyalli a haska da fitila ta musamman, mai dubawa ya sa tabarau ruwan lemo, sai kaga shatin yana walƙiya a duhu. Ita fitilar ma kanta kayan aiki ce, da ita ake fara zagaya ɗaki kafin a taɓa komai, dan haske baya lalata shaida. Ko tocila ce ka kwantar da haskenta a gefen gilashi zaka ga abun da baka gani a tsaye, abun da idonka yayi kenan da ka karkata kai.

Har maganin jibi (GV), wannan shuɗin maganin da ake sa wa ciwo, yana cikin kayansu, dashi ake fito da yatsa a gefen salatif mai danƙo, misali in an ɗaure maigadi da salatif. In yatsan jini ne akwai wani rinin daban da ke kama sinadarin jini. In abun ya jiƙe da ruwan sama shima da nasa maganin.

Subhanallah, ko tagwayen da uwarsu ke rikita su zanen yatsunsu ba ɗaya bane, tun a ciki yake samuwa kuma baya canzawa har mutuwa. Duk sanda na zo koyar da wannan sai na tuna aya ta 4 a Suratul Ƙiyama.

Baba_Fansho:

Malam ya gama magana akan kayan aiki, Allah ya ƙara ilimi. Yarona ni ɓangaren da zan ja hankalinka daban ne. Shatin da kake gani akan shogilas kar ka ɗora rai a kansa sosai. Mutum nawa ne suka dafa gilashin nan jiya da shekaranjiya suna taya waya? Ga 'yan jaje da suka zo da safe kowa ya jingina yana salati. Jajen nan alheri ne kuma bazamu daina ba, amma wallahi shine yake kashe shaida a garuruwanmu, kowa sai ya ɗaga kwaɗo ya duba, ya ja durowa ya ga da gaske babu komai. Kuma yatsa baya faɗin ranar da aka aje shi. Ko an samu na wanda kuke zargi akan gilashin zai ce ai na shigo sayen caja satin da ya wuce, kuma maganarsa zata zauna.

Wurin da ke da daraja shine inda mai saye bashi da dalilin kai hannu. Cikin durowar kuɗi, ƙasan tiren da ke ciki, gefen kwanon da suka ɗaga, katakon silin ta sama, cikin kwalayen da suka yage. Nan zaka kulle. Bangon siminti da bulo da tsumma ka manta dasu, basa riƙe shati.

Bari na baka wani tsohon labari da ake koyarwa a wannan fanni, shima shago ne. A 1905 a unguwar Deptford da ke Landan aka shiga shagon fenti da sassafe aka kashe mai kula da shagon Thomas Farrow, matarsa Ann ma ta rasu bayan kwanaki saboda dukan da ta sha. An tarar da akwatin kuɗi a buɗe, a jikin tiren cikinsa akwai shatin babban yatsa guda ɗaya. Abun da aka fara yi shine aka ɗauki yatsun mamatan da na wani sajan da ya taɓa akwatin da hannu, aka ga ba nasu bane. Aka duba katunan yatsu da ke aje a Scotland Yard, hedikwatar 'yan sandan Landan, wanda ofishin yatsunsu 1901 aka buɗe shi, babu wanda ya dace. Kaga kenan yatsan bai kama kowa ba. Mutanen unguwa ne da suka ga samari biyu suna fitowa suka kai ga wasu 'yan'uwa, Alfred da Albert Stratton, bayan an kama su aka dangwala yatsunsu sai na Alfred ya hau daidai. An rataye su a watan Mayu na shekarar. Shine karo na farko a Ingila da yatsa ya tabbatar da laifin kisa a kotu.

Dan haka ku koma wurin mai binciken ku da ladabi, ku roƙi a turo masu ɗaukar shatin yatsa daga sashen binciken manyan laifuka na jiha, ku rubuta a takarda ba da baki kawai ba. In sun zo ku yarda a ɗauki naka dana ƙaninka dana yaron shago, ba zargi bane, cire naku za'ayi daga cikin shatin da aka samu. Kuma kuyi sauri, in hunturu ne ko zafin nan namu danshin shatin bushewa yake, ga ƙura tana sauka a kai.

Yayan_Mai_Waya:

Nagode Baba, nagode Malam, Allah ya saka. Durowar ƙanina ne kaɗai ya ja ta da safen. Kwalayen suna nan a ƙasa ban bari an share ba. Toh in basu zo ba fa, in gwada na sufa gulun a gida cikin bokiti mai murfi? Kuma maganar NIN ɗin har yanzu tana raina.

Maman_Ilham:

Ƙanina kar ka gwada. Banda tururin yana cin ido da maƙogwaro, kuma in gulun ya zuba a auduga ko yadi zafi yake ɗauka har ya ƙona fata, ko da ace ka fito da shatin tsaf lauyan wanda ake tuhuma tambaya ɗaya zai maka, waye ya ɗauka, a ina aka aje, waye shaida ba'a canza ba? Kai mai ƙara ne, shaidar da ta kwana a ɗakinka ta raunana. Kotu tana so ta ga hannun da kayan ya bi ɗaya bayan ɗaya a rubuce tun daga shago har gabanta.

Batun NIN kuma, yatsun da NIMC da bankuna suka ɗauka cikakku ne, ka danna a na'ura a natse, in bai fito ba a ce sake. Na ɓarawo rabi ne ko kwata, a goge, a karkace, wani akan wani. Kwamfuta bata cewa ga mutumin, jerin waɗanda suka yi kama take kawowa, ɗan adam ne zai zauna ya gwada inda layi ya ƙare da inda ya rabu biyu. Sannan bayanan ba a buɗe suke ga ni da kai ba, akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, hukumar bincike ce zata nema ta hanyarta.

Kuma ina so mu daina ɗaukar yatsa kamar wahayi, dan an taɓa zaluntar bawan Allah dashi. Bayan harin jiragen ƙasa na Madrid a ƙasar Sifen ranar 11 ga Maris 2004 an samu wata leda da kayan tada bam a ciki, aka ciro shati a jikinta aka raba wa ƙasashe hotonsa. Kwamfutar FBI, hukumar binciken Amurka, ta kawo mutum 20, masanansu uku suka amince na wani lauya ne a jihar Oregon, Brandon Mayfield, Ba'amurke da ya musulunta, yatsunsa na cikin rumbun saboda yayi aikin soja. 'Yan sandan Sifen sun ce musu bai dace ba, suka ƙi ji, aka tsare shi sati biyu. Daga baya Sifen ta gano na wani ɗan Aljeriya ne Ouhnane Daoud. FBI ta nemi afuwa, a 2006 gwamnati ta biya shi dala miliyan 2. Wannan fa masu kuɗi da kayan aiki kenan. Abun yana min ciwo duk sanda na tuna iyalinsa, shiyasa nake roƙonka ko an ce yatsan wane ya dace kar ku tara masa unguwa, ku bari a haɗa da sauran shaida a gaban alƙali.

Malamin_Kemistri:

Hajiya ta faɗi gaskiya. Ƙari ɗaya akan kwalayen nan, suna da amfani biyu. Bayansu mai santsi hoda ko gulu zai yi aiki a kai, cikinsu kuma na ninhaidirin ne, dan haka kar a sa su a leda a ƙulle zufa ta taru, kar kuma a jera wani kan wani suna gugar juna. In dole sai an matsar dasu dan a buɗe shago a sa safar hannu a kama ta kusurwa, dan safar ma tana goge shati in ka damƙi tsakiya, a sa kowanne a ambulan ɗin takarda shi kaɗai. Sannan a jikin kowane kwali akwai lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai lamba 15, ka tsuguna ka ɗauke ta a hoto ba tare da ka taɓa ba, ka haɗa da rasit ɗin sari ka kai wa mai binciken tare da takardar da Baba ya ce ku rubuta. Ranar da aka sa layi a ɗaya daga cikin wayoyin kamfanin sadarwa zai ga lambar.