Aikin Benjamin List da furolin: zai yiwu a maimaita shi a Sakkwato?

Ɗalibin Sinadarai: Assalamu alaikum malamaina. Ina digiri na biyu a nan Sakkwato, kuma an ba ni shawarar in gina aikina kan haɗin aldol (wato haɗa ƙwayoyin sinadari biyu, kamar asiton da aldehaid, su zama ɗaya) da Benjamin List ya yi da furolin, amino asid ɗin da ke hanzarta haɗin. Tambayoyina biyu ne. Ta yaya zan nuna tasirinsa da na abokan aikinsa a babin waiwaye, ban da ambaton Nobel? Sannan da kayan da muke samu a nan, gwajin zai fito?

Malamin Ogani: Wa alaikumus salam. Kada ka rubuta shi kamar shi kaɗai ya yi. Takardar shekarar 2000 su uku ne: List, Richard Lerner da Carlos Barbas, a cibiyar Scripps ta Amurka, inda dama suke aiki kan sinadaran garkuwar jiki masu yin aikin enzayim na aldol. Daga nan tambayar ta taso, ko amino asid guda ɗaya zai iya ɗaukar nauyin da enzayim ke ɗauka. Tun farkon shekarun 1970 Hajos da Parrish, da kuma Eder, Sauer da Wiechert, sun yi amfani da furolin a cikin ƙwayar sinadari ɗaya, amma aka bar abin nan. List ya kai shi tsakanin ƙwayoyi biyu daban. A shekarar dai David MacMillan ya fito da nasa kan haɗin Diels-Alder, ba tare suka yi ba, kuma su biyun suka raba Nobel na 2021. Haɗin gwiwar da ɗalibai ke mantawa shi ne na List da Kendall Houk, mai lissafin kwamfuta, wanda ya bayyana dalilin da ya sa ɗaya daga cikin tagwayen sinadarin (siffofi biyu masu kama da hannun dama da na hagu) ke rinjaye. A ganina wannan ya fi ƙidayar yawan ambato amfani a babinka.

Mai Kula da Lab: Gwajin kansa ba wuya. Ba ƙarfe, ba sai ka kori iska ba. Ka auna 4-naitrobenzaldehaid 151 mg, wato milimol 1, da L-furolin 35 mg, kashi 30 cikin 100 ke nan. DMSO (ruwan narkar da sinadarai) 8 ml, asiton 2 ml. Fara juya furolin cikin ruwan biyu na ɗan lokaci kafin ka zuba aldehaid, domin in suka haɗu kai tsaye furolin na maƙale wa aldehaid ɗin, ya daina aiki. Bi shi da TLC, wato farantin silika mai nuna ci gaban haɗin. Su List sun samu kashi 68 na amfani da ee 76 (ee shi ne ma'aunin rinjayen ɗaya daga tagwayen). Ka tsayar da haɗin da ruwan amoniyam kulorayid, ka tsamo da etil asitet sau uku, ka wanke da ruwan gishiri sosai don DMSO ba ya son fita, sannan kolum na silika da heksen da etil asitet.

Inda abin ke lalacewa shi ne zafi. Abin da takardun Turai ke kira zafin ɗaki wajen 20 zuwa 25 ne, namu kuwa a watan Afrilu ya haura 40. A haka asiton, da ke tafasa a 56, yana gudu daga kwalba in murfin bai kama ba, ee na sauka, kuma samfurin na zubar da ruwa ya koma wani sinadari daban da ake kira enon, za ka ga wani ɗigo daban sama a farantin TLC. Ka saka kwalbar cikin bahon ruwa da ma'aunin zafi, ko ka tsara aikin ya faɗo lokacin hunturu. DMSO na shan laima, da damina a rufe shi gam. Ɗan ruwa ba ya cutarwa, mai yawa shi ke kashe zaɓin.

Ɗalibin Sinadarai: Allah ya saka, Malam. To ee ɗin fa, folarimita, na'urar auna yadda sinadari ke juya haske, ta isa?

Dakta a Analitikal: Ba ta isa ba, ƙanena. Ƙazanta kaɗan ko kuskuren awo sai ta canza maka lamba, kuma masu tantance takarda ba sa yarda da ita ita kaɗai. Na'urar HPLC mai kolum na kairal, wanda ke raba tagwayen, ake buƙata, irin su Chiralpak. Nan ne naka haɗin gwiwar zai shigo: tun kafin ka sayi sinadari, malaminka ya nemo ɗakin gwajin da ke da kolum ɗin, ku daidaita a rubuce kan kuɗin awo da jerin sunaye a takarda. TWAS (Kwalejin Kimiyya ta Duniya) da DAAD (hukumar musayar ilimi ta Jamus) na ba da tallafin ziyarar bincike, ka duba sharuɗɗansu. Kuma kada ka aika samfuri ɗaya. Ka sake haɗin da DL-furolin (cakudar tagwayen furolin) don samun cakuda mai rabi da rabi, da shi za su fara gano inda tsaunuka biyun na tagwayen ke fitowa a zanen HPLC. Miligiram kaɗan na kowanne ya wadatar, busasshe, cikin ƙaramar kwalba mai duhu, tare da NMR ɗinsa (awon da ke tabbatar da tsarin ƙwayar) in ka samu.