Ina ake samun zaman masu barin giya a Damagaram?

Maman Ramatu:
Assalamu alaikum. Wani ɗan uwa ne ya ƙudurta barin giya, amma kunya ta hana shi buɗe baki a unguwa. An ce akwai zaman da masu wannan lalura ke yi su-ya-su, suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Ta ina ake fara nema a nan Zinder? Ana biyan kuɗi?

Majo:
Wa alaikumus salam Maman Ramatu. Kafin zancen zama, kullum yake sha? Da safe hannunsa na karkarwa, sai ya kurɓa yake natsuwa? In haka ne, kada ya yanke ta dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Jikin da ya saba da barasa, bayan awa 6 zuwa 24 da shan ƙarshe zufa da amai da rashin barci ke tasowa. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. Mafi haɗari daga kwana na biyu zuwa na huɗu: zazzaɓi, sambatu, ganin ƙwari ko macizai a bango. A nan ne dangi ke cewa iskoki ne, a ɗauko hayaƙi, alhali abin yana kisa.

Ku fara da CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku. A faɗi gaskiyar kwalba nawa a rana da lokacin da ya sha ta ƙarshe, kada a rage don kunya, da wannan lissafi ake auna magani. In abin ya yi nauyi za a ba ku takarda zuwa babban asibitin Zinder. Diyazefam ake bayarwa, ana rage shi sannu a hankali cikin kamar mako guda, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Kada a saya a teburin kasuwa, in ya haɗu da giya numfashi yake dannewa. In yana taɓa tramol ma a faɗa, shi ma yana jawo jijjiga.

Zaman da kike nema ba a kafa masa allo a bakin titi. Ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa za ku tambaya, su suka san waɗanda suka daina suka daɗe, kuma ba za su haɗa su ba sai da yardar kowane ɓangare.

Malam Isufu:
Ƴar uwa, sunan da za ki rubuta a waya shi ne Alcooliques Anonymes, ko AA. A Amurka aka fara ta a 1935, a garin Akron, tsakanin mashaya biyu, Bill Wilson da Dokta Bob Smith. Ba kuɗin shiga, ba rajista, sharaɗin kawai mutum ya so dainawa. Suna da zama ta Zoom da Faransanci, yana iya kashe kyamara, ya ba da sunan farko kaɗai, ya yi shiru yana sauraro. Ku lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa na gabanmu da awa ɗaya, zaman ƙarfe 8 na dare a can ƙarfe 7 ne a nan. Sauran watanni lokacinmu ɗaya.

Zama iri biyu ne. Rufaffe na masu shan ne kaɗai, buɗaɗɗe kowa na iya zuwa. Ku dangi kuna da naku daban, Al-Anon.

Maman Ramatu:
Na gode Malam. To amma Faransancinsa bai taka kara ya karya ba.

Dattijon Birni:
To ai sai a kafa da Hausa, ƴata. A ƙa'idar AA, mashaya biyu ko uku da suka haɗu don dainawa sun isa ƙungiya. Rana ɗaya tsayayya a mako, awa ɗaya, bayan isha'i, a wurin da shiga ba ta jawo ido: ɗakin makaranta ko zauren wanda aka amince da shi. Mutum ɗaya ke magana, ba a katse shi, ba a yi masa wa'azi, kowa kansa yake faɗa. Alkawarin na yau ne kaɗai, awa 24, gobe a sabunta. Kowa ya riƙe lambar wanda ya riga shi dainawa, ya kira kafin ya kurɓa, ba bayan ya kurɓa ba.

Abu uku ke rusa irin wannan zama a garinmu. Tsegumi na farko, magana ɗaya ta fita kasuwa, mako mai zuwa tabarma kaɗai za a tarar, shi ya sa ban son rukunin WhatsApp mai nuna lamba da hoto. Sai rancen kuɗi tsakanin ƴan zama. Sai kuma shigo da yaya ko uba ya zauna, don ba mai faɗin ya koma sha jiya a gaban wanda ke ciyar da shi. Wanda ya zame kuwa ba a korarsa, a tambaye shi ina yake zaune lokacin, da wa, a wane hali. Sau da yawa amsar ita ce tsohuwar fadarsa, ranar da albashi ya shigo. A nema masa wata fadar da shayi kaɗai ake dafawa, albashin kuma ya kwana a hannun wanda shi da kansa ya zaɓa.